Hannu a iska ko yatsa a kan maɓalli: yaya ya fi dacewa a sarrafa sintesaiza?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar manya nake nema. Wata uku ke nan ina haɗa wani ɗan akwati da zan riƙa sarrafa sintesaiza (na'urar kiɗa mai ƙirƙirar sauti da lantarki) da shi ba tare da na taɓa maɓalli ba. Na sa sensar ultrasonik, mai ido biyun nan da ke auna nisa, na jona ta da Arduino, ɗan allon kwamfutar nan da ake rubuta wa umarni, shi kuma yana tura saƙon MIDI, wato harshen da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi, zuwa sintesaizar. Burina in na ɗaga hannu filta, wato matatar da ke rage kaifin sauti, ta buɗe, in na sauke ta rufe. Abin yana aiki, sai dai sautin ba ya sulalewa. Ji za ka yi yana hawa daki-daki kamar mai taka matakala, balle in na ƙara resonans, wato ƙarfafa sautin da ke daidai inda filtar take yankewa. Sannan kuma sai hannuna ya riga ya wuce sautin yake biyo baya. Na canza wayoyi, na sake solda, duk ba ta canza zani ba. Ina matsalar take?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye abin soldar, wayoyinka lafiyarsu ƙalau. Matsala biyu gare ka, kuma ba su da alaƙa da juna.

Ta farko daga MIDI take. Saƙon CC da kake turawa, wato saƙon juya saiti irin na filta, lamba ce daga 0 zuwa 127, wato matakai 128 kacal. Filta kuwa tana iya tafiya daga wajen 20 Hz har 20,000 Hz, kusan oktaf 10 ke nan; kowane oktaf ninkin saurin sauti ne, maɓallin fiyano 12, wato rabin-taki 12, jimla rabin-taki 120. Raba 120 gida 128 ka gani: kowane mataki ya kusa kai tazarar maɓalli ɗaya na fiyano. In resonans ya yi yawa filtar kan yi fito da kanta, shi ya sa kunnenka ke kama kowane tsalle. Wasu na'urorin suna goge wannan tsallen a cikinsu, wasu ba sa yi.

Ta biyu daga sensar take. Ita ƙara take aikawa mai 40,000 Hz, ta jira ta daki hannunka ta dawo. Irin waɗannan ƙananan ana so a bar tazarar kamar milisekan 60 tsakanin awo da awo don kada amsa-kuwwar farko ta rikita ta biyu. Ka ga awo 16 ko 17 kawai kake samu a daƙiƙa. Wannan ya ishi mutum-mutumin da ke gudun karo da bango, amma bai ishi kiɗa ba.

Ɗan Koyo: Na gode Baba, wallahi ban taɓa yin wannan lissafin ba. To MIDI ɗin ne bai da sauri ke nan?

Tsohon Injiniya: A'a, kada ka ɗora masa laifin da ba nasa ba. Yana tafiya da bit 31,250 a daƙiƙa, saƙo ɗaya mai bayit 3 bai cika milisekan ɗaya ba. Jinkirin na sensar ne, matakalar ce tasa.

Mai Fiyano: Ni fa ɗan'uwa tambayata daban ce, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta. Me maɓalli ya rage ka da shi? Shekara 15 ina kiɗa da fiyano, ga wilin lanƙwasa murya a hannun hagu, ga feda a ƙafa, ban taɓa jin wani abu a raina da na kasa fitarwa ba. Wannan kaɗa hannu a iska ai ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1920 Lev Termen ya ƙera theremin a Rasha, na'urar da ake kaɗawa da hannu a iska ba tare da an taɓa ta ba. Yau shekara ɗari da ɗoriya, mutum nawa ne suka iya shi sosai? Da ka ambaci gwanarsa Clara Rockmore sai ka fara lalube. Fiyano kuwa ko yaro ya danna maɓalli zai ba shi murya daidai. Abin da ya yi shekara ɗari bai karɓu ba, akwai dalili.

Mai Busa: Malam Mai Fiyano, ba na musun ƙwarewarka, amma bari in gaya maka abin da maɓalli ya rage ni da shi, ni da na taso da busa. A fiyano, da zarar ka danna, hukuncin muryar ya ƙare. Ka faɗa wa na'ura wace murya kake so da ƙarfin da ka buga ta, shi ke nan, sauran rayuwar muryar kuma embulof ɗin da aka saita tun farko, wato tsarin yadda sautin zai tashi ya sauka, shi ne zai tafiyar da ita. Ni kuwa a sarewa tsakiyar muryar ce wurin aikina. Ina fara ta a hankali, in cika ta, in sa ta rawa, in janye numfashi har ta mutu. Ranar da na fara jona na'urar busa ta lantarki da sintesaiza na ji sautin yana bin numfashina, sai da idona ya kawo ruwa. Sautin da na sani ne, ban canza komai a saitinsa ba, amma ya zama wani abu mai rai.

Kuma masu ƙera na'urorin sun san da wannan giɓi. Yamaha DX7 da ta fito a 1983 an yi mata ramin jona abin busawa a baki. CS-80 ta 1977 tana da zirin da ake jan yatsa a kai, kuma kowane maɓallinta yana jin ƙarfin da ka ƙara danna shi bayan ya sauka. Da maɓalli ya wadatar, me zai sa su sha wannan wahalar?

Mai Fiyano: Malama, wilin hannun hagun fa? Aikinsa ke nan ai.

Mai Busa: Danna murya uku tare, ka lanƙwasa ta tsakiya kaɗai ka bar biyun a inda suke. Gwada ka faɗa mana.

Mai Fiyano: Wannan kam ba ya yiwuwa a tawa, duka ukun ne za su tafi tare. Na yarda da wannan.

Tsohon Injiniya: Dalilin shi ne a MIDI na asali saƙon lanƙwasa murya na tasha ne baki ɗaya, ba na murya ɗaya ba. Tashoshi 16 ne, duk muryar da ke kan tasha guda tare za su lanƙwashe. Dole mu yi wa waɗanda suka tsara shi adalci. Dave Smith na Sequential da Ikutaro Kakehashi na Roland abin da ke gabansu shi ne fiyanon wannan kamfani ya iya magana da na wancan, kuma a Janairun 1983 aka jona sintesaizar kamfanonin biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, a bainar jama'a suka yi aiki. Babban abu ne a lokacin, har yau ma muna cin moriyarsa. Sai dai tunanin mai fiyano aka gina shi a kai: an danna, an saki. Sai a 2018 aka amince da tsarin MPE a hukumance, inda ake ba kowace murya tata tashar, ta yadda kowane yatsa zai lanƙwasa tasa shi kaɗai. Da shi kayan kiɗa irin su LinnStrument na Roger Linn da Seaboard da Continuum na Lippold Haken suke magana da sauran na'urori. MIDI 2.0 da aka fitar a 2020 ya faɗaɗa matakan sosai, amma ba kowace na'ura ce ta san shi ba tukuna.

Mai Modula: Duk wannan zagaye-zagayen na mene ne? Ƙanena, fita daga MIDI kawai. Lantarki ba shi da matakala. A modula, wato sintesaizar da ake haɗa sassanta da wayoyi, ƙarfin lantarki ne ke ɗaukar umarni kai tsaye: bolt 1 oktaf ɗaya, rabin-taki kuma kashi ɗaya cikin 12 na bolt, wajen milibolt 83. Duk abin da ke tsakani naka ne, babu mai yanka maka shi gida 128. Ka samo resistar haske ka haɗa ta da batir da resista ɗaya, ka kai wa ramin CV na filta, wato inda take karɓar umarni ta ƙarfin lantarki, ka yi wasa da inuwar hannunka. Ba kod, ba jinkiri. Tun da Dieter Doepfer ya fito da modularsa A-100 a tsakiyar shekarun 1990 wannan hanyar ta buɗe wa kowa.

Tsohon Injiniya: A hankali dai ɗan'uwa. Gaskiya ne babu matakala, amma "ba jinkiri" ɗin nan ban yarda ba. Resistar haske tana da nawa, takan ɗauki milisekan gommai kafin ta daidaita, musamman in ana komawa duhu. Fototransista ya fi ta sauri nesa ba kusa ba, sai dai saurin nasa kan sa ya kama ƙyaftawar ƙwan lantarki, sau 100 a daƙiƙa inda wutar take 50 Hz, ka ji gurnani ya shigo cikin sautin. Sannan ba duka na'urori ne ke bin bolt 1 a oktaf ba. Korg MS-20 tsarin Hz a kowane bolt take bi, na kamfanin Buchla kuma bolt 1.2 ne a oktaf. Kuma ma ba mu tambayi yaron ko sintesaizarsa tana da ramin CV ba.

Ɗan Koyo: Ba ta da shi Baba, MIDI ne kawai a bayanta.

Mai Modula: To na janye, amma ranar da ka samu mai CV ka tuna da maganata.

Mai Manhaja: Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake ta wahala da ƙarfe da waya. Manhajar haɗa sauti ta Pure Data kyauta ce, ka karanta sensar ta USB, ka yi sautin a cikin kwamfuta da lambobi masu faɗin da kunne ba zai taɓa jin mataki ba. Kyamarar waya ma yanzu tana iya bin yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya.

Mai Busa: Kyamara mai hoto 30 a daƙiƙa tana ganin hannunka sau ɗaya a kowane milisekan 33, kafin ma manhaja ta gama gane yatsun. Don buɗe filta a hankali babu laifi. Don buga kari mai sauri kuwa, jikinka zai gaya maka akwai tazara tsakaninka da sautin.

Mai Fiyano: Yauwa, mun dawo kan maganata. Ni ban ce maɓalli ya fi komai ba, abin da nake cewa shi ne yana ba hannu wurin dafawa. Ku dubi abin da ya faru a Amurka a shekarun 1960. Robert Moog ya fito da nasa a 1964 ya sa masa maɓallan fiyano. Don Buchla a San Francisco ya ƙi, ya sa faranta da ake taɓawa, don shi da makaɗa irin su Morton Subotnick ba sa son sabuwar na'ura ta gaji tsohon tunani. Wa makaɗa suka bi? Da Minimoog ta fito a 1970 da maɓallanta 44, mai kiɗa ya ɗauke ta ya hau dandamali a ranar, domin abin da hannunsa ya shekara yana koyo bai tashi a banza ba. Ba raina Buchla nake yi ba. Amma shekarun da mutum ya zuba a yatsunsa dukiya ce, ba a zubar da ita don an ga sabon abu.

Tsohon Injiniya: Wannan magana taka ta wurin dafawa ita ce ta fi kowace nauyi a zaren nan, kuma ina so Ɗan Koyo ya riƙe ta, ko da yake ni ba a maɓalli na tsaya ba.

Moog ɗin da ka ambata da theremin ya fara sana'a, yana ƙerawa yana sayarwa tun yana matashi, ya san daɗinsa ya san wahalarsa. Yadda theremin ke aiki abin sha'awa ne. Osileta biyu ne, wato da'irori masu kaɗa lantarki, masu saurin da kunne ba ya ji, ɗaya a tsaye take, ɗayar an jona ta da eriya. Hannunka in ya matso eriyar sai ya ɗan canza kafasitans ɗinta, wato yawan cajin da take iya riƙewa, saurin osiletar ya gusa kaɗan, bambancin da ke tsakanin biyun shi ne muryar da ake ji. Babu mataki, babu jinkiri, tun 1920. To me ya sa yake da wuya haka? Saboda hannu ba ya jin komai. Mai goge ba shi da alama a kan tsirkiya, amma yatsansa na jin ta. Mai kalangu yana jin tsaurin igiya a hammatarsa kafin kunnensa ya ji muryar ta hau. Mai theremin kuwa sai ya ji sautin sannan ya san inda hannunsa yake, kullum gyara yake yi bayan kuskure ya riga ya fita. Clara Rockmore ma da gogen Turawa ta fara tun tana ƙarama, ciwon hannu ne ya raba ta da shi, ta zo da kunnen da ya riga ya horu, ta kuma ƙirƙiro tsarin sauya yatsu a iska don hannun ya samu wuraren tsayawa.

Maurice Martenot a Faransa ya ga wannan. Shi ma makaɗin tsirkiya ne, kuma ya yi aikin rediyo a yaƙin duniya na farko. Na'urarsa ta 1928 zobe ake sa wa a yatsa, yana jan zare, hannun hagu kuma yana danna wani ɗan maɓalli mai zurfi da ke tafiyar da ƙarfin sautin daga shiru har ƙara. Daga baya ya ƙara maɓallai, amma ya sa suna ɗan motsawa gefe da gefe don yatsa ya iya sa murya rawa. A Jamus Friedrich Trautwein ya fito da Trautonium a 1930, waya ce miƙe a kan farantin ƙarfe, inda ka danna ta nan muryar take. Ka lura duk su biyun sun riƙe sulalewar theremin, suka mayar wa yatsa abin taɓawa. Ko Michel Waisvisz na cibiyar kiɗan lantarki ta STEIM a Amsterdam, da ya ɗaura na'ura a hannuwansa a 1984 yana auna nisan da ke tsakaninsu da ultrasonik kamar yadda kake yi, ya sa ƙananan maɓallai a ƙarƙashin yatsunsa. Iska tana ba da lanƙwasa, yatsa yana ba da lokaci.

Mai Busa: Baba ya faɗi abin da na daɗe ina ji ban iya faɗa ba. Abin busawar ma yana turo iska baya, leɓena na jin nauyinta. Da babu wannan turjiyar ba zan iya auna numfashin ba.

Ɗan Koyo: To Baba, a watsar da akwatin ke nan? Na saka rai a kansa sosai.

Tsohon Injiniya: Ko kusa. Ga abin da zan yi da ni ne. Ka samo zirin resista mai laushi irin wanda ake jan yatsa a kai, ka shimfiɗa shi a kan sensar matsi mai tsawo ɗaya da shi. Wurin da yatsa yake shi ne murya, ƙarfin dannawa shi ne ƙarar sauti ko buɗewar filta. Arduino Uno yana karanta lantarki a matakai 1,024, ya riga ya ninka CC sau 8. Wurin yatsan kada ka tura shi ta CC, tura shi ta saƙon lanƙwasa murya, shi bit 14 ne, matakai 16,384. Ka shiga saitin sintesaizar ka faɗaɗa iyakar lanƙwasawar daga rabin-taki 2 da aka saba zuwa 12, ko 24 in ta yarda. Ka duba littafinta kuma ko tana karɓar CC mai bit 14, inda ake haɗa lamba ta 0 zuwa 31 da abokiyarta ta 32 zuwa 63, ko NRPN, wata hanyar tura lamba mai matakai da yawa. In tana karɓa, matakalar filtar ta kau.

A cikin kod kuma abu biyu. Kada ka tura saƙo sai lambar ta canza, in ba haka ba za ka cika layin, tunda saƙo wajen 1,000 kawai yake ɗauka a daƙiƙa. Sannan ka tace awon: sabuwar lamba ta zama tsohuwa da ƙarin kashi ɗaya cikin 8 na bambancinsu. In ka tace da yawa jinkiri zai dawo, kunnenka ne zai nuna maka iyaka. Sensar ultrasonik ɗin ka bar ta a wurinta, ka ba ta aikin da ba ya gaggawa, kamar yawan amsa-kuwwa.

Mai Modula: Ƙari ɗaya, tunda na ga kana son taɓa cikin na'urori. In za ka buɗe wani abin wasan yara ko tsohon ƙaramin fiyano kana haɗa wuraren da ba a haɗa ba don neman sabon sauti, irin abin da Reed Ghazala ya shahara da shi, to mai batir kaɗai. Duk abin da ke jone da wutar bango kada yatsanka ya shiga cikinsa. Da gaske nake.

Ɗan Koyo: Na ji Yaya, in sha Allahu zan kiyaye.

Mai Fiyano: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya. Kowa a nan yana maganar ƙerawa, ba wanda ya yi maganar atisaye. Ɗan'uwa, in ka gama wannan zirin ka daina canza shi. Na ga masu haɗa irin waɗannan abubuwa, kowane mako sai sun sauya saiti, yau hagu ne ƙasa gobe dama ce, hannu bai taɓa samun damar haddacewa ba. Fiyano ya yi ƙarfi ne don maɓallin da ka bari jiya yana nan inda ka bar shi. Ka ba naka wata shida a saiti ɗaya.

Mai Busa: A nan kam babu saɓani tsakaninmu, Malam.

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Na haɗa zirin da sensar matsin kamar yadda Baba ya ce, na sa iyakar lanƙwasa a 12. Matakalar ta tafi gaba ɗaya, jiya na fi awa biyu ina jan murya ɗaya sama da ƙasa na kasa tashi. Na manna siririn zare a gefen zirin a wurin kowane oktaf don yatsa ya ji shi ba sai na duba ba, wannan daga maganar Malam Mai Fiyano na ɗauko. Saura abu ɗaya: da na ɗage yatsa sai muryar ta yi tsalle zuwa wani wuri daban kafin ta mutu.

Tsohon Injiniya: Madalla ɗana. In ka ɗage yatsa ƙafar tsakiya ta zirin ba ta jone da komai, sai Arduino ya karanta duk abin da ya tsinta. Sa resista daga wannan ƙafar zuwa ƙasa, wato ramin GND na Arduino, babba, kamar 100k ko fiye in zirin 10k ne, don ƙarama za ta karkatar maka da tazarar muryoyin. A kod kuma ka sa sensar matsin ta zama mai gadi: in matsin ya sauka ƙasa da wata iyaka, a daina karanta wurin yatsa, a riƙe lambar ƙarshe. Ka sa iyakar ta ɗan yi sama, domin awon wurin yakan fara lalacewa tun yatsan bai gama rabuwa da zirin ba.

Mai Fiyano: In ka gyara ka ɗauko mana sautin mu ji. Kuma ka faɗa min tsawon zirin da ka yi amfani da shi, ina so in gwada ɗora ɗaya a saman fiyanona, daidai inda hannun hagu zai kai.